Takardar Bindigar Maidaji

Ranar Laraba da azahar ina cikin wani shagon takalma a kasuwar Zhanxi, ina yi wa wani Bakano faɗa saboda ya ɗauki kaya bai karɓi rasit ba, sai wayata ta yi ƙara. Faɗan da gaske nake yi, har da nuna shi da yatsa, alhali a haife ya haife ni. Ɗalibi ne ni a ajin ƙarshe, ina karanta injiniyancin lantarki a wata jami'a a Guangzhou, ranar da ba ni da aji kuma ina yi wa 'yan kasuwarmu tafinta. Har suna suka laƙaba mini, Mansur Rasit, don ba na barin mutum ya fita daga shagon ɗan Sin sai da takarda mai jan hatimi a hannunsa. Ina jin daɗin sunan, ban taɓa ɓoyewa ba.

Saratu ce, matar yayana Baffa. Ita da ta saba fara magana da tsokana, ranar ko sallama ba ta yi ba.

"Mansur, sun tafi da Abban Hafsah." Yaya Baffa take nufi.

"Su wa, Anti?"

"'Yan sanda. Yana dawowa daga masallacin asuba suka tare shi a ƙofar gida. Wai wata bindiga aka tsinta a hannun masu tare hanya, an kashe direba ɗaya, kuma lambar da ke jikinta sunansa ne a littafi. Ni ban gane ba. Wace bindiga muke da ita a gidan nan?"

Ni kam na gane. Na nemi kwalin takalma na zauna a kai. Bakanon da nake yi wa faɗa yana ta tambayata ko lafiya.

Bindigar mahaifinmu ce, Maidaji, mai baki biyu, ƙotarta ta yi baƙi saboda gumin hannu. Maharbi ne tun yana saurayi, kuma a duk Ɗambatta yana cikin 'yan kaɗan da suka yi wa tasu lasisi. Da ya rasu aka raba gado, bindigar ta faɗo a rabona. Amma lokacin shekarata goma sha shida, ina makarantar kwana, sai aka mayar da lasisin da sunan Yaya Baffa, tunda shi ne babba kuma malamin makaranta ne, takardunsa a kammale suke. Bindiga tawa, littafi nasa. Ba wanda ya ga aibin haka.

Shekara huɗu da suka wuce na samu gurbin karatu a nan, guzuri ya gagara. A makon ne Kawu Tankari ya zo daga Maraɗi. Wan Innarmu ne, ciki ɗaya, babban ɗan kasuwa mai gonaki da shanu. Ya ga bindigar a rataye a ɗakin Baba, ya ce ɓarayin shanu sun dame shi, in sayar masa. Yaya Baffa yana Zariya wajen wani kwas, littafin kuma yana kulle a akwatinsa. A zaure muka yi cinikin bayan la'asar, muka sha hannu, aka shafa fatiha. Na tuna na buɗe baki na ce, "Kawu, ko za mu ɗan rubuta wani abu?" Ya yi dariya har hularsa ta karkace. Inna kuwa tana bakin ƙofa, ta watso mini wata harara da ta sa na haɗiye sauran maganar. A wajenmu ba a neman takarda daga wan uwa. In ka nema, kamar ka ce masa ɓarawo ne.

Da Yaya Baffa ya dawo ya ga ƙusar babu komai, abin da ya ce kawai shi ne, "Littafin fa?" Na ce Kawu ne. Ya ce za a gyara. Bayan kwana tara na hau jirgi, kuma ban sake tuna maganar ba ko sau ɗaya. Ni ne fa Mansur Rasit.

Kafin magariba Saratu ta samo lauya, wata tsohuwar ɗalibar Yaya Baffa mai suna Barista Khadijat. Ba ta da dogon zance, kuma ba ta tausasa mini komai ba.

"A idon doka bindigar nan ba ta taɓa barin hannun Malam ba," in ji ta. "Ba a kai rahoton ɓata ba, ba a sauya suna ba, wanda ya saya ba a san yana da lasisi ba. Duk abin da aka aikata da ita, shi za a fara tambaya. Ranar Litinin za a kai shi kotu. In aka kai shi da wannan tuhuma, daga can sai gidan yari, maganar beli ma ba yanzu ba."

"Yana da ciwon sukari, Barista. Allura yake yi wa kansa safe da yamma."

"Na sani. Na kai masa ta yau, sun bari ya yi. A gidan yari ban san yadda za ta kasance ba. Ka saurare ni. Ina bukatar takarda da ke cewa ran kaza kai ka sayar wa wane, lokacin Malam ba ya gari, da sa hannun mai sayarwa da na mai saye. In na samu wannan, zan iya nuna musu inda bindigar ta bi, su bi sawunta, shi kuma ya koma laifin sakaci. Ina mai sayen yake?"

Na yi wata dariya marar daɗi. Mai sayen yana Guangzhou. Watan baje koli ne, kuma Kawu bai taɓa fashi ba. Kullum ni nake tarbo shi a filin jirgi, ni nake riƙe masa jaka, ni nake zama bakinsa da kunnensa. Bana sai ji na yi a bakin mutane cewa ya sauka tun makon jiya, bai neme ni ba. Na ɗauka fushi yake da ni kan wani abu. Sai a lokacin na fahimci cewa labarin bindigar ya riga ya same shi ta wata hanya.

Na kira lambarsa ta Nijar, a kashe. Na kira ta nan, tana shiga ba a ɗauka. Na tura saƙon murya uku, na farko da ladabi, na biyu da roƙo, na ukun na goge shi kafin ya tafi don abin da na faɗa a ciki ba a faɗa wa kawu.

Washegari Alhamis na shiga jirgin ƙasa na metro zuwa Pazhou, inda ake baje kolin, da takardar a jakata. Da sassafe na buga ta a shagon kwafi na makaranta, Hausa a sama, Turanci da Faransanci a ƙasa, don kada wani ya ce bai gane ba. Wanda bai taɓa zuwa baje kolin nan ba ba zai san wautar da na yi ba. Zauruka ne manya-manya a jere, kowanne ya fi kasuwar ƙauye, mutane daga kowace ƙasa suna jan akwatuna masu taya. Ni kuma ina neman dattijo ɗaya mai babbar riga. Duk hular da na hango sai in bi ta da gudu. Na gaisa da mutumin Mali, na gaisa da na Sudan, na riƙe hannun wani Bagane da na ɗauka shi ne, mutumin ya fizge yana zagina da Hausarsu ta Kumasi. Ban ci komai ba, ban ma tuna da ci ba.

Ina cikin wannan Saratu ta sake kira. Ta ce ta kai abinci an karɓa, amma ba ta gan shi ba. Ta ce Hafsah ta ƙi zuwa makaranta, don yara suna cewa babanta ɗan fashi ne. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana koyar da lissafi, wanda ko kaza Saratu ce ke kai wa maƙwabci ya yanka. Ta ce, "Mansur, ka gaya mini gaskiya, kana da hannu a maganar nan?" Na ce ina da shi. Ta kashe wayar, kuma na san na cancanci hakan.

Wajen la'asar Allah ya haɗa ni da Hajiya Sabuwa, wata 'yar kasuwar Yamai da na taɓa yi wa tafinta. Tana zaune a kan akwatinta tana fifita da kundin tallan wani kamfani. Na durƙusa na gaishe ta, na tambaye ta ko ta ga Kawu.

"Otel ɗaya muke," ta ce. "Amma ya hwaɗa ma kowa kar a ce ma inda yake. Mi ka yi mai?"

Na gaya mata, ban rage komai ba. Ta daina fifitar. Ta ce ita ba ta shiga tsakanin ɗa da kawu, kuma ba za ta faɗi sunan otel ba tunda an ba ta amana. Ta miƙe ta gyara mayafi, ta kama hannun akwatinta. Har ta yi taku biyu sai ta ce, ba tare da ta juyo ba, ita dai ta ji wani yana neman mai rakiya gobe da hantsi zuwa Zhanxi, hawa na uku, wajen matar nan mai silifas ɗin maza.

Na san shagon. Ni na fara kai shi can shekara uku da suka wuce.

Juma'a tun kafin a buɗe ƙofofi ina tsaye a bakin ginin. Na hau sama na laɓe bayan tarin kwalaye kamar wanda ya zo sata. Wajen ƙarfe goma sai ga shi, cikin shadda ruwan toka, carbi a hannu, shi kaɗai. Da alama bai samu mai rakiyar ba. Na bar shi ya zauna, matar ta zuba masa shayi a ɗan ƙaramin kofi, suka fara fama da juna, shi yana nuni da hannu, ita tana buga lambobi a waya. Sannan na shiga na yi sallama.

Ya ɗago ya gan ni. Fuskarsa ba ta nuna komai ba.

"A'a, Mansuru. Zo nan, Allah ya kawo ka. Hwaɗa ma lawban ɗin nan mai shago ruwan ƙasa nika so, ba baƙi ba. Tun ɗazu sai meyo, meyo take ce mini, wai babu."

Kuma na yi. Wallahi na tsaya na yi masa tafinta, yayana yana kulle. Jiki ya saba, baki ya saba. Na gaya wa matar kalar da yake so, ta ce babu a ƙasa amma masana'anta za ta yi cikin kwana ashirin. Kawu ya ce a rubuta. Ta rubuta. Ya ce a rubuta irin robar tafin, a rubuta ranar da za a kai kayan sito, a rubuta cewa in kala ta sauya ba zai karɓa ba. Ya sa na karanta masa layi-layi. Da ta miƙo masa, sai ya tura mata baya.

"Ina tampo? Papiye ba tampo ai banza ne."

Ta ɗauko hatimin shagon ta buga. Sannan ta buɗe wani ɗan gwangwani mai jan tawada, irin wanda suke dangwale da shi a nan, ta dangwala babban yatsanta, ta tura masa. Kawu ya naɗe hannun riga, ya danna yatsansa a tawadar, ya ɗora a takarda ya murza shi hagu da dama a hankali, don zanen ya fito sosai. Ya duba, ya gamsu.

Ban bari ya goge yatsan ba. Na ciro tawa takardar na shimfiɗa ta a kan teburin, kusa da gwangwanin.

"Kawu, ga wata kuma."

Bai taɓa ta ba. Ya karanta saman daga inda yake zaune, na ga leɓɓansa suna motsi a kan lambar bindigar.

"Na ji abin da ya hwaru," ya ce. "Na yi baƙin ciki ƙwarai. Baffa ɗana ne. Tun jiya nika kiran mutane, akwai wani babba a Kano da munka yi makaranta tare, in sha Allahu zai sa baki."

"Lauya ta ce ba baki ake bukata ba, Kawu. Yatsa ɗaya kawai. Ga tawadar ma a hannunka."

"Mansuru, papiye tsakanina da baƙo ne. Wannan mata ban san uwarta ba, ban san ubanta ba, gobe in ta cuce ni ba ni da wanda zan kai ma ƙara sai takarda. Kai ko ɗan ƙanwata ne. Ni na yi ma huɗuba ran da anka haihe ka. Yau ni kaka kawo ma takarda gaban arna, kamar na ci maka amana?"

Da shekara huɗu da suka wuce ne, da nan zan sunkuyar da kai in ce a yi haƙuri. Na ji kunyar ta taso mini, irin ta ranar zaure. Amma na tuna Yaya Baffa yana ɗaga riga a gaban 'yan sanda yana soka wa cikinsa allura.

"Ina bindigar ta tafi, Kawu?"

Ya ja carbinsa. Ya ce ya ba mai gadin gonarsa. Bayan shekara biyu mai gadin ya bar aiki, ya roƙi a bar masa ita, shi kuma ya bar masa, don mutumin kirki ne, ɗan gidan aminin babansu. Takarda? Wace takarda, da ɗan aminin uba? Daga nan an ce mai gadin ya sayar wa wani surukinsa. Daga surukin kuma Allah kaɗai ya sani. Kowa ya miƙa wa wanda yake jin kunya, har ta isa hannun wanda ba ya jin kunyar kowa.

"To a rubuta haka," na ce. "Ka faɗi sunan mai gadin, su bi shi."

Ya matso da kujerarsa, ya rage murya, duk da ba mai jin Hausa a wurin sai mu biyu.

"Kai yaro ne. Ka san yadda bindigar nan ta ƙetare iyaka? Cikin buhun gero, ƙarƙashin kamiyona, babbar motata. Ba duwan, wato kwastan, ba izini, ba komi. In na sa yatsa a nan, na rubuta da hannuna cewa na shigo da makami ƙasarmu a ɓoye, a wannan zamani da ake ciki. Jandarma ba su tambayar ko don shanu ne. Ɗiya goma sha ɗaya gare ni. Motocina shida ke bin hanyar nan kowane mako. Kana so in rushe gida don in gyara gida?"

"Zai mutu a can, Kawu. Ba ya kwana biyu ba allura."

"Rai na hannun Allah."

A nan na zube. A tsakiyar shagon, tsakanin kwalayen silifas, na durƙusa gwiwa biyu na kama ƙafarsa. Ban san abin da na riƙa faɗa ba. Na haɗa shi da Allah, na haɗa shi da Inna, na haɗa shi da kabarin Baba wanda ya taɓa ɗauko shi a kafaɗa daga daji lokacin da maciji ya sare shi. Na ce zan yi masa aiki kyauta har ƙarshen raina. Masu wucewa suka tsaya a bakin ƙofa suna kallo, wani ma ya ɗaga waya. Ban damu ba. Kuka nake yi da majina, ni da nake taƙama a kasuwar nan.

Idonsa ya kawo ruwa, wannan ba zan hana shi ba. Ya dafa kaina. Ya ce in aka kawo Alƙur'ani zai rantse a gaban kowa a cikin dangi cewa Baffa ba shi da laifi. Ya ce zai ɗauki nauyin gidan Baffa duk tsawon abin da za a yi. Komai zai yi, in ban da abu ɗayan da na zo nema. Sannan ya zaro tishu daga kwalin da ke kan tebur, ya goge jan yatsansa tsaf, har ƙarƙashin farce. Ya ninke takardar silifas ɗinsa ya sa a aljihun gaba.

"Lokacin masallaci ya yi," ya ce. "Ka tashi, kak ka ba mu kunya. Uwarka ta san ka zo mini da wannan?"

Ya fita. Ina jin ƙarar takalminsa har ya kai matakala.

Matar shagon ba ta ji ko kalma ɗaya ba, amma ta ga komai. Ta zuba mini shayi ta ajiye. Ta kalli takardar, ta ga layi biyu a ƙasa babu komai a kansu, ta tambaye ni da harshensu wane ne nawa. Na nuna mata. Ta turo mini gwangwanin.

Na rubuta cikakken sunana da lambar fasfona. A jikin takardar sunan Kawu yana nan yadda na buga shi, Alhaji Tankari, mazaunin Maraɗi, ban goge ba. Na danna yatsana a tawadar na dangwala a layin mai sayarwa. Layin mai saye ya zauna fari. Na ɗauki hoto na tura wa Barista Khadijat, na zauna a matakala ina jira gari ya waye sosai a gida.

Ƙarfe uku na rana ta kira, takwas na safe ke nan a can.

"Rabin takarda ce," ta ce. "Hoto ne daga wata ƙasa, daga ƙanin wanda ake tuhuma. Za su ce kowa zai iya rubuta wannan don ya ceci ɗan'uwansa, tunda ya san hannu ba ya kai wa gare shi. Ba za ta yi aiki ba sai mai yatsan yana tsaye a gabansu."

"In na zo fa?"

"In ka zo, ina da kyakkyawan zaton zan fitar da Malam a beli. Kai kuma za su riƙe ka. Ka sayar da makami ba lasisi ga wanda ba shi da lasisi, kuma an yi kisa da shi. Ba zan yi maka ƙarya ba, ban san ranar fitarka ba. Ga shi nan, sun ba ni minti biyu da shi."

Na ji motsi, sannan muryar Yaya Baffa, a dashe.

"Mansur. Saura sati nawa ka gama?"

"Biyar, Yaya."

"To ka zauna ka gama. Na gaya wa Khadijat ta kawo biro, zan rubuta cewa ni na sayar, na manta wa na sayar wa. Sunana ne a littafin, ni ya kamata in kai rahoto."

"Me ya hana ka kaiwa?"

Na ji numfashinsa yana fita da ƙyar.

"Na je har bakin ofishin, kwana biyu bayan na dawo daga Zariya. Wani da na sani a ciki ya ce in aka buɗe maganar, dole a nemi wanda ya sayar, kuma ba zai yi tafiya ba sai an gama bincike. Bizarka ta riga ta fito. Sai na juyo."

Shekara huɗu yana ɗauke da wannan, bai taɓa ko yi mini gori ba. Ni kuma ina nan ina yi wa dattawa wa'azin rasit. Ban taɓa ƙin kaina kamar lokacin ba.

"Na riga na dangwala, Yaya," na ce. "Gobe zan taso. Barista, kina ji na? Kada ki ba shi biro."

Ya fara cewa wani abu, muryar ta karye. Tun da nake ban taɓa jin kukansa ba, ko ranar da aka binne Baba. Wani daga gefe ya ce lokaci ya cika, wayar ta yanke.

Saura Inna. Na fi tsoron wannan kiran a kan 'yan sanda. Na fito daga ginin, na bi titi da ƙafa zuwa wajen unguwar Guangyuan, ina ratsa masu tura kaya a amalanke, sai da na kusa tashar jirgin ƙasa sannan na iya danna lambarta. Na gaishe ta. Na ce mata na ga Kawu, ya ƙi. Na ce na rubuta sunansa a takarda, kuma ranar Litinin zan faɗe shi da bakina a gaban hukuma, shi da buhun geronsa. Na ce ina zuwa in karɓi wurin Yaya. Na tsaya ina jiran ta ce na tozarta ta, na raba ta da ɗan'uwanta ɗaya da ya rage.

Ina jin zakara yana cara a tsakar gidanmu.

"Ni ce na harare ka ran nan," ta ce. "Ban manta ba."

"Inna, ba ke ba ce."

"Ni ce. Ka taho da bargo mai kauri. Saratu ta ce a ƙasa ake kwana, kuma kai ba ka jure sanyin siminti tun kana yaro."

Abin da ta ce ke nan. Ba ta ce in zo ba, ba ta ce kada in zo ba.

Na shiga ɗaya daga cikin manyan kasuwannin tufafin nan, na yi ta hawa har na samu masu barguna. Shago na farko na ce ina son ɗaya, mutumin ya ce kwali nawa. Na ce bargo ɗaya. Ya kaɗa hannu, meyo, su sari suke sayarwa. Na biyu ma haka, na uku ma haka. A na huɗu wata tsohuwa ce, ta kalli idanuna da suka kumbura, ta kalli jan yatsana, ta hau kujera ta sauko da wanda suke ratayewa don nuni. Ruwan toka ne, gefensa ya ɗan yi ƙura. Ta kakkaɓe shi ta cusa a leda.

Na rungume shi na juya zan tafi, sai ta kira ni. Rasit take rubutawa. Na ce ta bari, ba inda zan kai shi. Ta girgiza kai, ta ƙarasa rubutun, ta hura wa hatiminta iska ta buga a kai, ta miƙo mini da hannu biyu. Na karɓa, na ninke shi, na sa a cikin fasfo tare da ɗayar takardar.